Ranar da Attahiru Ya Ɗura wa Guguwa Fashon

Ku gyara zama, yau labarin Attahiru mai gyaran risho zan ba ku.

A shekarun nan da Gusau ta zama babban birnin sabuwar jiha, baƙin ma'aikata suna ta shigowa suna neman gidan haya, akwai wani mutum a Sabon Gari ana ce da shi Attahiru. Sana'arsa gyaran risho da fitilar ƙwai, kuma ba laifi, ya iya. Amma abin da ya fi iyawa shi ne baki. In ka ce masa haƙori ke damunka, ya san magani. In ka ce rediyonka ta daina kama tasha, ai shi ya koya wa mai gyaran rediyon aiki. Matarsa Maijidda, mutuniyar Tsafe, ta daɗe da daina musu da shi. In ya fara, sai ta ce, "Haka ne, Malam," ta ci gaba da tankaɗenta.

Maijidda tana da wa a Tsafe mai suna Sabiru, mafarauci ne na gaske. Yana da wani jan kare siriri mai dogayen ƙafafu, sunansa Guguwa, kuma duk Tsafe an san Sabiru ya fi kula da cikin karen nan a kan nasa cikin. To, a wata bazara, ana gab da babbar farautar dajin Bungudu, wadda mafarautan Tsafe da na Wanke da na Nahuce ke haɗuwa, sai Sabiru ya faɗo daga kan rumbu ya yi targaɗe. Attahiru da Maijidda suka hau mota suka je dubiya.

Suka tarar da shi a zaure, ƙafa ta kumbura, Guguwa na kwance a gefensa.

Sabiru ya ce, "Ni ba ƙafar ce damuwata ba. Kowace shekara karen ga ke fara kamu. Bana in bai hita ba, mutanen Wanke sai su ce tsoro munka ji."

Attahiru ya gyara hula ya ce, "Yaya, kana da ni kake wannan tunanin?"

"Kai ka taɓa farauta?"

"Ni? Kafin in kama gyaran risho, sai da zomayen Kwatarkwashi suka yi ƙaura saboda ni."

Maijidda ta ce, "Malam, ɓeran da ya shiga buhun gero ranar nan ai maƙwabciya ka kira ta kashe maka."

"Wannan ɓeran gida ne. Ni da namun daji na saba."

Sabiru bai so ba. Amma ganin karen ya fara ƙosawa da zama, ga kuma gorin mutanen Wanke, sai ya kwance igiyar ya miƙa masa. Ya ce, "Tuwo da nono, shi ke nan abincinshi. Kada ka ƙara mishi komi. Kuma ka ji da kyau, Attahiru. In karen ga ya mutu hannunka, ni da ƙanwata zumuncinmu na nan, amma kai kada ka sake taka zauren ga har abada."

Attahiru ya ce, "Sai dai ka gan shi ya dawo ya fi haka."

A tasha aka fara. Kwandasta ya dubi kare ya dubi Attahiru, ya ce mutum ɗaya kaɗai za a ɗauka cikinsu, kuma shi bai damu da ko wanne ba. Wani dattijo a kujerar gaba ya tattare rigarsa ya ce shi da alwalarsa ya fito. Dole Maijidda ta shige motar ita kaɗai, Attahiru ya hau bayan ɗan kabu-kabu da kare a cinya. Lokacin kuwa ana wahalar mai, suna wuce Kwatarkwashi babur ya yi tari ya mutu. Suka kama tafiya a ƙasa. Can Guguwa ya hangi kurege, ya zabura, igiya kuma tana naɗe a hannun Attahiru. Sai da ya ja shi ta cikin gonar wani, ta cikin ƙaya, ta cikin kashin shanu, kafin kuregen ya shige rami.

Da Attahiru ya iso gida da la'asar, riga a yage, takalmi ƙafa ɗaya, Maijidda ta ce, "Sannu, Malam. Kai ka kawo shi ko shi ya kawo ka?"

"Gwada shi na yi. Yana da ɗan gudu, amma bai kai yadda nake so ba. Akwai gyara."

Da jin kalmar gyara, Maijidda ta ce a ranta, "Allah ya kyauta."

Gidan da ke manne da nasu, wata mata ce a ciki da iyalinta, Monica, wadda kowa ke kira Maman Rut. Daga wajen Jos suka zo, aiki ya kawo mijinta. Ta zo da irin wani tsiro mai yaɗo ta shuka a gindin katangar da ta raba gidajen biyu, tana zuba masa ruwan wanke-wanke. Kafin a ankara ya haye katanga, ya kama rumfa, ya leƙo gidan Attahiru da 'ya'yansa masu kama da ƙwan agwagwa, wasu kore shar, wasu sun yi duhu sun yamutse.

Da safe Attahiru ya tsaya yana kallon tsiron nan, hannu a haɓa. Ya ɗaga murya ya ce, "Maman Rut, wai wannan abin naki mene ne sunansa?"

Monica ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Fashon muke ce masa a wajenmu. Bari ka ɗanɗana." Ta tsinko wanda ya yamutse, ta raba shi da wuƙa, ta miƙo masa. Ciki ruwan ɗorawa ne mai yauƙi, cike da baƙaƙen ƙwayoyi. Attahiru ya zuƙa. Tsami ya kama masa muƙamuƙi, ido ɗaya ya rufe da kansa.

Da ya samu bakin magana ya ce, "Wannan ai magani ne."

"Ba magani ba ne, Malam Attahiru, abin sha ne. Sukari ake sa masa."

"Yaushe kika shuka shi?"

"Bara da damina."

"Bara, har ya hau rufin ɗaki." Ya girgiza kai. Shi a saninsa na magani, abin da ka ci halinsa kake ɗauka. Mai son ƙarfi ya nemi saiwar itace mai tauri, mai son farin jini ya nemi abin da ƙudan zuma ke bi. To tsiron da ya haye katanga cikin shekara ɗaya, kuma duk abin da ya kama ba ya saki, in kare ya ci shi fa? Ya ce, "Kare na cinsa?"

Monica ta yi dariya har ta dafa katanga. "Kare kuma? Ni tun da nake ban taɓa ganin an ba kare ba. Mu ma cikin kaɗai muke sha, kuma sai wanda ya nuna. Ɗanyen nan ko akuya ba na bari ta taɓa."

Attahiru ya yi murmushi irin na wanda ya gano bakin zare. Da ta shige, ya ce wa Maijidda ƙasa-ƙasa, "Kin ji ko? Ɗanyen take hanawa. Duk mai magani haka yake, sai ya ba ka wanda ya tsufa ya yamutse, ya ɓoye mai ƙarfin."

"Malam, Yaya ya ce tuwo da nono."

"Yayanki ilimin da ya gada yake aiki da shi. Ni na zamani nake nema masa."

Ya tsinke duk ɗanyun da suka leƙo gefensa, ya haɗa da ganye, ya zuba a turmin Maijidda ya kama daka, ɓawo da ƙwaya da komai. Ƙarar dakan namiji ta fito da matan unguwa. Kafin ya gama, kawuna sun jeru a kan katanga.

Ya kwashe koren abin nan a kasko ya ajiye gaban Guguwa. Kare ya sansana, ya yi atishawa, ya juya baya. Attahiru ya dama da nono. Kare ya lashe nonon gefe-gefe ya bar masa tsakiya. Ya cusa cikin tuwo. Kare ya tone tuwon da hanci kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Wata tsohuwa daga kan katanga ta ce, "Attahiru, karen nan fa ya fi ka karatu."

"Inna, baƙunta ce. Bai san abinci ba ne, sai an nuna masa."

Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa da hannuwa da gwiwoyi a gaban kasko, ya dubi Guguwa ido cikin ido, ya ɗebi loma ya kai baki. Ɗaci da tsami suka haɗu suka hau masa kai, amma ganin mata na kallo sai ya haɗiye ya lashe baki ya ce, "Ka gani? Daɗi." Kare ya karkata kai yana kallonsa. Ya ƙara loma. Kare ya zauna don ya ji daɗin kallo. Haka Attahiru ya yi ta nunawa har kasko ya yi rabi.

Monica ta ce, "Maijidda, wanne za a kai farautar?"

Daga ƙarshe dabara ta zo masa. Ya faki idon Maijidda ya tsame naman miyarta, ya tsaga kowace tsoka ya ɗura mata haɗin, ya riƙa jefa wa kare a sama. Guguwa kuwa in abu na sama ba ya tsayawa bincike, cafewa yake ya haɗiye. Ranar nan da lami aka ci tuwo a gidan. Washegari da sassafe, ranar farauta, ya sake yi masa haka da kilishi, shi ma ya ƙara loma biyu don kada kare ya fi shi gudu ya ɓace masa a daji.

Aka cika a-kori-kura da mafarauta da karnuka aka nufi Bungudu. Attahiru ya aro warki da gora, ya rataya layun da bai san na mene ne ba. Tun a mota ya sanar da kowa cewa yau za a ga abin da ba a taɓa gani ba. Ya ce karen nan ya sha wani sirri daga ƙasar duwatsu, in zomo ya hau bishiya ma zai bi shi.

Wani mafaraucin Wanke ya ce, "Zomo na hawan bishiya a Gusau?"

"In ya ga Guguwa zai koya."

Suna cikin tafiya sai aka ji wani ƙugi. Direba ya rage gudu yana sauraren injinsa. Aka sake ji, wannan karon murya biyu, ɗaya siririya ɗaya kakkaura. Attahiru ya ce hanyar ce ba kyau.

A bakin daji jama'a ta taru, makaɗa na kiɗa, Sarkin Dawa na zaune a kan kututture yana karɓar gaisuwa. Al'ada ce kowane mai kare ya fito fili ya yi kirari kafin a saki karnuka. Da aka zo kan Tsafe, Attahiru ya yi tsalle ya dire a tsakiya, ya ɗaga gora.

"Sai ni Attahiru na Maijidda, mai kunna wuta ba ashana! Sai ni mai Guguwa, kare mai hawan katanga! Zomo, ka yi sallama da 'ya'yanka!"

Makaɗa suka ɗauka. Ya ja igiya don ya gabatar da kare gaban Sarkin Dawa. Guguwa ya tako a hankali, kunnuwa a kwance, ya tsaya daidai ƙafar Sarkin Dawa, ya sunkuyar da kai kamar mai gaisuwa, ya amayar da koren abu a kan takalminsa. Sannan ya kwanta.

Kiɗa ya tsaya.

Sarkin Dawa ya dubi takalminsa ya ce, "Wanga kare na Sabiru ne ko? Mi kab ba shi?"

"Ranka ya daɗe, maganin ne ke fitar da nauyin jiki. Yanzu za ka ga gudu."

Kamar an shirya, hayaniyar jama'a ta tayar da wani zomo daga cikin ciyawa. Ya ruɗe, ya yo cikin fili, ya tsallake Guguwa ta kan baya, ya wuce. Guguwa ya bi shi da ido ɗaya, ya mayar ya rufe.

A daidai lokacin nan cikin Attahiru ya murɗa, murɗawar da ba ta jiran shawara. Ya yar da gora, ya saki igiya, ya kwasa da gudu ya nufi wani kurmin sabara. Jama'a, an ga gudu ranar nan. Warki na kaɗawa, layu na tashi, ƙafarsa ba ta ko taɓa ƙasa sosai.

Wani ya ce, "Ya ga babban nama."

Ai kuwa sai aka saki karnuka gaba ɗaya. Mafarautan Wanke suka bi ta dama don kada Tsafe ta riga su, na Nahuce suka bi ta hagu, makaɗa suka biyo baya suna zuba kiɗa. Kafin Attahiru ya gama kwance mazagi, an yi wa kurmin zobe. Sabara na motsi, ana jin nishi daga ciki.

Wani ya ce, "Gada ce."

Wani ya ce, "Gada ba ta irin wannan nishi. Mugun dawa ne, ku ja da baya."

Sarkin Dawa ya iso ya ɗaga hannu, ya ce a cinna wa kurmin wuta ta gefe ɗaya, abin da ke ciki ya fito. Sai aka ji wata 'yar murya daga cikin ganye.

"Don Allah kada ku sa wuta. Ni ne."

"Kai wa?"

"Attahiru."

"Na Maijidda? Mai kunna wuta ba ashana?"

"Shi. Wani ya taimaka mini da buta."

Dariyar da aka yi a wurin nan, tsuntsayen dajin duk sai da suka tashi. Wani tsohon mafarauci ya faɗi ƙasa yana riƙe da haƙarƙari. Makaɗa kuwa nan take suka samu sabon take.

Da Attahiru ya fito yana jan ƙafa, ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya hangi Guguwa can a fili shi kaɗai. Bai motsa daga inda ya kwanta ba. Yawu na dalala, numfashi sama-sama, ƙafafun baya na rawa. Attahiru ya manta da bayanin. Ya tuna zauren Sabiru, ya tuna shekarun da ya yi yana cin tuwon gidan, ya tuna fuskar Maijidda in aka ce mijinta ya kashe wa wanta kare.

Sarkin Dawa ya daina dariya ya ce, "Yau kasuwa na ci, malamin dabbobi na nan yana yi ma shanu allura. In kana da sauran gudu, yanzu ne amfaninshi."

Motar da ta kawo su ta riga ta juya. Attahiru ya saɓa kare a wuya kamar ɗan akuya ya kama hanyar gari cikin rana, yana tafe yana tsayawa bayan kowace bishiya mai kauri. Mutanen da ke dawowa daga kasuwa suna tambayarsa ko abin da ya kamo ke nan.

Malamin dabbobi ya buɗe bakin kare, ya danna cikinsa, ya ce, "Me ya ci?"

Attahiru ya zaro ɗanyen fashon ɗaya da ya rage a aljihu. Malamin ya juya shi a hannu ya ce, "Da ɓawon?"

"Da ɓawon."

"Da ƙwayoyin?"

"Har da ganye."

"Kai da karen kuna da tsohuwar gaba ne?" Ya ɗauko allura yana ja. "Ɗanyen wannan da ɓawonsa da ƙwayarsa duk akwai guba a ciki, ga shi ƙwayoyin na iya toshe wa kare hanji. Ruwan cikin wanda ya nuna, in an tace aka ba shi ɗan kaɗan, ba zai kashe shi ba, amma ba abin da zai ƙara masa. Kare bai aiko a nemo masa wannan ba. Sa'arka ɗaya, ya amayar da yawancinsa."

Attahiru ya ce, "Ai abin da nake faɗa wa mutane ke nan."

Malamin ya dube shi sama da ƙasa, ya ga gumi, ya ga yadda yake matse ƙafafu. Ya ce, "Kai ma ka ci?"

"Ɗanɗanawa na yi."

"To ni na dabbobi ne, amma ka wuce asibiti kafin in canza shawara."

Kwanakin da suka biyo baya, unguwa ta huta da muryar Attahiru. Yana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, Guguwa na kwance a kan buhu kusa da shi, Maijidda na dama musu kunu a tukunya ɗaya. Shi da kansa yake ɗaga kan karen yana ɗura masa ruwa da ludayi. Ranar da Guguwa ya miƙe ya kori kazar Monica, Attahiru sai da ya yi ƙwalla, ya ce hayaƙin murhu ne.

Da suka koma Tsafe, labari ya riga su. Tun daga tasha masu shayi ke buga masa sabon takensa a kan teburi. Sabiru na zaune a zaure da sanda. Bai amsa sallama ba sai da ya duba karen tun daga haƙori har wutsiya, ya shafa haƙarƙarin da suka fito, ya sa aka kawo tuwo da nono ya ga ya cinye tas. Attahiru na tsaye a waje, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa, bai san ko ya shiga ko ya koma ba.

Can Sabiru ya ce, "An ce tun daga daji har kasuwa a wuya ka ɗauke shi."

"Haka ne, Yaya."

"Da wannan cikin naka."

"Da shi."

Gefen bakin Sabiru ya motsa. Ya ce, "Shigo ka zauna. Yelwa, kawo mishi hura. Kada ki sa tsami, an ce ya ƙoshi."

Attahiru ya shiga ya zauna. Yelwa, matar Sabiru, ta kawo fura tana kawar da kai don kada ya ga dariyarta. Ya sha ludayi ɗaya, ya sha na biyu, jini ya fara dawo masa fuska. Yana cikin na uku sai jakin Sabiru da ke ɗaure a tsakar gida ya yi wani ɗan tari. Attahiru ya ajiye ludayi. Ya leƙa. Ya sa hannu a haɓa.

"Yaya, jakin nan naka, tun yaushe yake wannan tarin? Don akwai wani abu da na sani..."

Sabiru ya dogara sanda ya miƙe da ƙafarsa mai ciwo, ya ɗingisa har turke, ya kwance jakin, ya ja shi ta ƙofar baya ya kai shi ajiya gidan maƙwabta. Yelwa ta bi bayansa da awaki, Maijidda ta kwashe kaji.

Nan na baro su, Attahiru na zaune shi kaɗai da ƙwaryar fura, yana yi wa turke bayani.